Amanar Ruwan Sha a Ƙaramin Gari: Abin da Ya Auku a Walkerton

A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, cikin yankin manoma da masu kiwon shanu, akwai wani ɗan gari da ake kira Walkerton, wanda jama'arsa ba su wuce kimanin mutum 4,800 ba, kuma kafin watan Mayu na shekarar 2000 babu wani dalilin da zai sa mutumin nesa ya taɓa jin sunansa. A cikin wannan wata ne annoba ta shiga garin ta bakin famfo, ta kwantar da mutum wajen 2,300, ta yi ajalin bakwai, cikinsu har da yarinya 'yar shekara biyu, ta kuma bar waɗansu yara da larurar ƙoda wadda za su daɗe suna fama da ita. Kanada kuwa ƙasa ce mai wadata da ilimi, wadda Allah Ya hore wa tafkuna da koguna fiye da akasarin ƙasashen duniya, saboda haka duk wanda ya ce talauci ne ko ƙarancin ruwa ya jawo wannan musiba bai faɗi daidai ba. Al'amarin ya cancanci a tsaya a yi masa tadabburi, domin abin da ya tona asirinsa ciwo ne da ke tattare da kowane ƙaramin gari mai raba wa jama'arsa ruwa daga mazubi guda, ko a wace nahiya yake.

Babban birni, idan ya tashi shayar da mutanensa, yana da injiniyoyi da masana ilimin ƙwayoyin cuta, yana da ɗakin gwajin ruwa na kansa, yana da ma'aikata masu karɓa-karɓa dare da rana, ta yadda in ɗaya ya yi sakaci wani zai gani, in wani ya jahilci abu na kusa da shi ya san shi. Ƙaramin gari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, alhali kuwa ƙwayar cutar da ke barazana ga birni ita ce dai ke barazana gare shi, ba ta rage masa kome don ganin ƙanƙantarsa. Kuɗin na'ura, da kuɗin gwaji, da albashin ƙwararre, waɗanda a birni ake raba nauyinsu a kan gidaje dubu ɗari, a nan gidaje ɗari kaɗan ne za su ɗauka, kuma su ne za su yi ƙorafi ranar da aka ƙara musu kuɗin ruwa. A Amurka akwai hukumomi da kamfanonin ruwan jama'a kimanin 50,000, fiye da kashi uku cikin huɗu nasu kuwa ba sa shayar da sama da mutum 3,300 kowanne. Ma'ana, a akasarin wurare lafiyar ruwan sha tana rataye ne a wuyan mutum ɗaya ko biyu, waɗanda galibi ruwan ma ba shi kaɗai ne aikinsu ba. A Walkerton a wancan lokaci hukuma guda ce ke kula da ruwa da wutar lantarki, manajanta Stan Koebel, shugaban ma'aikatanta kuwa ƙanensa Frank Koebel, dukkansu 'yan garin, waɗanda suka tashi cikin aikin tun suna samari.

Rijiyoyin burtsatse uku ne garin ke sha a lokacin, ana kiransu da lamba: ta biyar, ta shida, ta bakwai. Ta biyar ɗin, wadda aka haƙa a shekarar 1978, ba ta da zurfi, ba ta fi mita 15 ba, tana kuma jan ruwanta daga cikin dutse mai tsage-tsage wanda ƙasar da ta lulluɓe shi ba ta da kauri, har ruwan da ya kwanta a sarari yana iya zurarawa ya iske na ƙarƙashi ba tare da ya tace ba. Tun ranar da aka haƙa ta aka san da wannan rauni, domin gwajin farko ya nuna alamar ƙwayoyin da ke fitowa daga kashi, masanin da ya duba ta kuma ya ba da shawarar a riƙa zuba mata magani, a sa mata ido, a kuma kiyaye filin da ke kewaye da ita. Maganar kiyaye filin nan ba a aikata ta ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin hikimar wannan, tun da suka hukunta cewa rijiya tana da hurumi, wato wani fili a kewayenta wanda ba a yarda wani ya yi abin da zai cuci ruwanta ko masu ɗiba a cikinsa ba. Ga shi kuwa a ƙarshen ƙarni na ashirin, a ƙasar da ta ci gaba, rijiyar gari guda tana maƙwabtaka da gonar shanu babu wani hurumi tsakaninsu.

A ƙarshen watan Afrilu na shekarar 2000 mai gonar ya watsa takin shanu a gonarsa kamar yadda manoma suka saba, bincike kuma ya tabbatar daga baya cewa ya bi ƙa'idar noma yadda ya kamata, ba shi da laifin kome. Sa'an nan daga ranar 8 zuwa 12 ga Mayu aka yi ta sheƙa ruwan sama, har ya kai milimita 134, fiye da rabinsa a ranar ƙarshe kaɗai. Ruwan nan ya kwashi ƙwayoyin cuta iri biyu daga cikin takin, wani mugun jinsi na E. coli wanda ke sa gudawar jini har ya taɓa ƙoda, da wata da ake kira Campylobacter, ya bi da su ta tsagar dutse zuwa rijiya ta biyar, wadda a waɗannan kwanaki ita ce ke ɗauke da mafi yawan shan garin.

A nan ne ya kamata mai karatu ya fahimci yadda maganin ruwa ke aiki, domin duk ƙissar a kansa take juyawa. Sinadarin kulorin, idan aka zuba shi a ruwa, yakan ƙare ne gwargwadon ƙazantar da ya tarar. In ruwan mai tsabta ne kaɗan zai ci, saura ya rage, in kuwa ƙazantar ta yi yawa sai ta cinye shi ƙaƙaf. Saboda haka ƙa'ida ita ce a zuba shi da yawan da zai kashe abin da ke ciki har a sami ragowa, wadda ruwan zai tafi da ita cikin bututu kamar guzurin matafiyi, don abin da zai iya gamuwa da shi a hanya. Ƙa'idar lardin a lokacin ta ce bayan minti 15 da zubawa ragowar kada ta gaza rabin miligiram a kowace lita. Auna wannan ragowa aiki ne na 'yan mintoci, da ɗan ƙaramin kayan awo, amma shi ne idon mai kula da ruwa: ranar da ya auna ya ga babu ragowa, ya san wani abu ya shiga rijiyarsa, tun kafin ɗakin gwaji ya gaya masa, tun kafin yaro ɗaya ya kama ciki.

To, abin da ya bayyana shi ne, sama da shekara 20 ma'aikatan Walkerton ba sa yin wannan awo a mafi yawan ranaku. Sukan zo zagayensu na safe, su buɗe littafi, su rubuta lambar da suka san hukuma na son gani, su wuce. Sukan zuba kulorin ƙasa da ƙa'ida. Wani lokaci sukan cika kwalaben gwaji a famfon ma'aikatarsu, su rubuta musu sunan waɗansu unguwanni, a aika ɗakin gwaji a haka. A ranakun 13 da 14 da 15 ga Mayu, lokacin da ƙazanta ta riga ta rinjayi ɗan maganin da ake zubawa, an je rijiya ta biyar kowace rana, an rubuta lamba kowace rana, ba a auna ba ko sau ɗaya.

Mai karatu zai yi mamaki ya ce, mutanen da su da iyalansu ke shan wannan ruwa, me zai kai su ga haka? Amsar tana da ban tausayi fiye da ban haushi. Mutanen nan sun yi imani har zuciyarsu cewa ruwan rijiyarsu lafiyayye ne ko babu magani, sukan ma ɗebi ɗanyensa a bakin rijiya su sha, su ji daɗinsa; jama'ar gari kuma sukan yi ƙorafin warin kulorin, sai su ga rage shi wata kyautatawa ce ga maƙwabta. Takardar shaidar ƙwarewar da suke riƙe da ita ba ta hanyar karatu ko jarrabawa suka same ta ba, an ba su ne don daɗewarsu a aikin, bisa wani rangwame da gwamnati ta yi wa tsofaffin ma'aikata. Shi kansa manajan bai fahimci mene ne E. coli ba, balle irin ɓarnar da take yi. Duk wanda ya yi karatun littattafan farko na fiƙihu, irin su Ahalari da Ishmawi, ya san cewa ana duba ruwan tsarki da siffofi uku, launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, hukunci ne kuwa ingantacce a babinsa, babin ibada. Amma ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ba lalle ne ya zama amintacce ga cikin jariri ba, domin ƙwayar da ke kisa ba ta canza ko ɗaya daga cikin siffofin nan uku. 'Yan'uwan nan biyu sun dogara ga ido da harshe da hanci a wurin da waɗannan gaɓoɓi ba su da shaidar da za su bayar, kuma a tsawon shekaru ba a sami wanda ya zaunar da su ya ganar da su haka ba.

Jahilci uzuri ne har zuwa wani matsayi, amma abin da ya biyo baya ya wuce uzuri. Ranar 15 ga Mayu manajan ya koma bakin aiki bayan wata tafiya, ya kunna rijiya ta bakwai, ya kuma bar ta tana aiki babu na'urar zuba magani har zuwa ranar 19, alhali ya san hakan ya saɓa wa ƙa'ida. A ranar 15 ɗin aka ɗebi ruwa aka aika ɗakin gwaji, ranar 17 aka sanar da shi cewa akwai E. coli a ruwan garin. Bai gaya wa kowa ba. Ranar 18 yara suka fara ɗaukewa daga makaranta, aka kwantar da biyu a asibitin Owen Sound da gudawar jini, likitar yara Kristen Hallett ta lura cewa daga gari ɗaya suka fito, washegari ta sanar da hukumar lafiya. Jami'an lafiya suka buga wa manajan waya ranar 19, suka sake bugawa ranar 20, yana ba su amsar da ta sa suka ɗauka ruwan lafiya lau yake, alhali a ɓoye ya duƙufa yana wanke bututu yana ƙara magani, yana fatan ya gyara ɓarnar kafin a gane. Jami'an suka ɓata kwanaki suna neman asalin cutar a abinci. Sai ranar Lahadi 21 ga wata babban jami'in lafiya na yankin, Dokta Murray McQuigge, ya yanke shawara bisa zato mai ƙarfi, ba tare da hujja a hannu ba, ya sa aka yi shela a rediyo cewa kowa ya tafasa ruwa kafin ya sha. Washegari aka yi rashin farko. Mutanen garin ba su sake shan ruwan famfonsu kai tsaye ba sai a watan Disamba.

Gwamnati ta naɗa Mai Shari'a Dennis O'Connor ya binciki al'amarin, ya zauna a garin ya saurari shaidu, har Firimiyan lardin na lokacin, Mike Harris, sai da ya bayyana gabansa. Rahotonsa ya fito kashi biyu a shekarar 2002. Ya ƙiyasta cewa da manajan ya faɗi gaskiya ranar 19, da an kuɓutar da mutum 300 zuwa 400 daga kamuwa. Amma adalcin alƙalin nan shi ne bai tsaya kan 'yan'uwan biyu ba, ko da yake su ne mafi sauƙin kamawa. Ya nuna cewa Ma'aikatar Muhalli ta aiko masu dubawa a 1991 da 1995 da 1998, sun ga alamun matsala, amma ba su gano cewa littafin ƙarya ne ba, ba su kuma tilasta a gyara abin da suka gani ba. Ya nuna cewa rijiya irin ta biyar ta wajaba a sa mata na'urar da ke auna ragowar kulorin da gurɓatar ruwa ba dare ba rana, mai kashe famfo da kanta in abu ya ɓaci, kuma da an sa ta da annobar ba ta auku ba. Ma'aikatar ba ta taɓa neman a sa ba. Ya nuna cewa wakilan da jama'a suka zaɓa su shugabanci hukumar ruwan garin hankalinsu na kan lissafin kuɗi, sun sallama wa manaja duk abin da ya shafi lafiyar ruwa, har rahoton 1998 ya zo musu ba su bi diddiginsa ba.

Ya kuma taɓo gwamnati ita kanta. Daga shekarar 1996, cikin yunƙurin tsuke bakin aljihu, an zabge kasafin Ma'aikatar Muhalli, an rage ma'aikatanta da kusan kashi ɗaya cikin uku, an kuma janye ɗakunan gwajin gwamnati daga gwada ruwan garuruwa, aka bar wa 'yan kasuwa. A da, in ɗakin gwajin gwamnati ya ga mugun sakamako yakan sanar da hukuma. Da aka mayar da aikin hannun 'yan kasuwa ba a kafa dokar da ta wajabta musu haka ba, duk da cewa an yi wa gwamnati nasiha a kan haɗarin. Saboda haka ɗakin gwajin da ya ga E. coli ranar 17 ya sanar da wanda ya biya shi kuɗi, ya tsaya nan, bai karya dokar kowa ba. A ganina wannan giɓi shi ne mafi muni a duk ƙissar, domin ya mayar da rayukan mutum dubu huɗu da ɗoriya abin da ya dogara ga ƙarfin zuciyar mutum guda a ranar da ya fi kowace rana jin tsoron tonon asiri. Ba a gina tsari a kan zaton cewa kowane ma'aikaci waliyyi ne. A ƙarshen 2004 kotu ta ɗaure Stan Koebel shekara guda, Frank kuma aka yi masa ɗaurin talala na wata tara a gida.

Kada a ce wannan ƙaddara ce da ta faɗa wa gari ɗaya. A 1993, a garin Gideon na jihar Missouri a Amurka, kashin tsuntsaye ya shiga tankin ruwan da ba a zuba wa magani, mutum fiye da 600 suka kwanta, tsofaffi bakwai suka rasu. A watan Agusta na 2016, a Havelock North ta ƙasar New Zealand, bayan ruwan sama mai yawa, kashin tumaki ya kai ga rijiyoyin da aka amince da tsarkinsu har ba a sa musu kulorin, mutum wajen 5,500 cikin 14,000 suka kamu. Shekara 16 ke nan bayan Walkerton, rahoton O'Connor yana nan a rubuce ga duk mai son karantawa.

Ontariyo dai ta gyara dokokinta. Tun a watan Agusta na 2000 aka wajabta wa ɗakin gwaji ya kai mugun sakamako ga Ma'aikatar Muhalli da jami'in lafiya nan take. A 2002 aka kafa dokar lafiyar ruwan sha, a 2006 aka kafa ta kiyaye mafarin ruwa, aka wajabta horo da jarrabawa ga masu kula da ruwa, aka kuma buɗe cibiyar horar da su a Walkerton ɗin kanta, wadda ta fi mayar da hankali ga ƙananan garuruwa. Asasin shawarwarin alƙalin shi ne a jera kariya bisa kariya, daga hurumin rijiya zuwa magani, zuwa lafiyar bututu, zuwa awo, zuwa saurin shela, ta yadda in ɗaya ta faɗi wata za ta tare. Sai dai doka ba ta haifar da kuɗi, kuma ƙananan wurare sun yi kukan tsadar bin sababbin sharuɗɗa. A arewacin wannan lardi ɗin, al'ummar Neskantaga ta 'yan asalin ƙasar tana ƙarƙashin umarnin tafasa ruwa tun 1995, alkawarin da gwamnatin tarayya ta ɗauka na kawo ƙarshen irin wannan hali a garuruwan 'yan asali kafin watan Maris na 2021 kuwa lokacinsa ya zo ya wuce bai cika ba.

Mu a ƙasar Hausa wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin a 'yan shekarun nan garuruwanmu da unguwanninmu sun cika da irin wannan ƙaramin tsari: burtsatse mai aiki da hasken rana, tanki a sama, bututu zuwa famfuna, ga 'yan garuwa suna cika jarkoki suna turawa gida-gida. Alheri ne babba, ya kuma hutar da mata da yara daga tafiyar nesa. Amma mun saba auna nasarar aikin da ranar buɗe shi, alhali ranar nan ce farkon amanar. Da zarar an haɗa gari a kan tanki ɗaya, an haɗa lafiyarsa a kan murfin tankin nan, da nisan rijiyar daga masai da turken dabbobi, da bututun da ya fashe cikin kwata wanda ke zuƙar ƙazanta duk lokacin da aka ɗauke ruwa. Mu ma mun yi imani da cewa ruwan burtsatse, tun da daga ƙarƙashin ƙasa ya fito garai-garai, ba ya bukatar kome, in kuwa ruwa ya yi duhu mu jefa masa alif ya kwanta mu sha, alhali alif laka yake kwantarwa, ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayar cuta. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, jihohin Arewa ne kuma suka fi jin jiki.

Nijeriya tana da rubutacciyar ƙa'idar ingancin ruwan sha tun 2007, jihohi kuma suna da hukumomin ruwan karkara, saboda haka abin da ake bukata ya fi kusa da aiki fiye da sabuwar takarda. Mutumin da aka damƙa wa makullin burtsatse, wanda sau da yawa ɗan sa-kai ne ko mai ɗan alawus, haƙƙinsa ne a koya masa dalilin aikinsa, a ba shi kayan awo da magani, a biya shi daga kuɗin da ake karɓa a bakin famfo, kada kuɗin ya ƙare a gyaran inji kaɗai. Haƙƙin jama'a kuma a kansa shi ne wani wanda ba abokinsa ba, ba kuma ɗan kwamitinsa ba, ya riƙa zuwa ba sanarwa ya auna ruwan da hannunsa ya gwada da abin da ke cikin littafi, irin aikin da dattawanmu suka sani a wurin duba-gari, wanda magabata kuma suka sani a wurin muhtasibi. Garuruwa biyar ko goma na ƙaramar hukuma ɗaya suna iya haɗa ƙarfi su riƙe ƙwararre guda mai zagaya su, tun da kowannensu shi kaɗai ba zai iya ba. Duk ranar da gwaji ya nuna ɓaci kuwa, sakamakon ya isa hannun jami'in lafiya na ƙaramar hukuma da mai gari a ranar da ya isa hannun mai kula da famfo, a kuma ba su ikon su sa a yi shela a masallaci da kasuwa cewa a tafasa ruwa, ko da ba a kai ga tabbatar da inda ɓarnar ta shigo ba.